Tsohuwar Tsabar Kuɗi Tsakanin Ma'aunin Shari'a da Farashin Kasuwa

Tara tsoffin sulalla, wato tsabar kuɗin ƙarfe da aka daina ciniki da ita, sha'awa ce da ke jefa mai farawa cikin tsohuwar tambaya game da inda darajar kuɗi take zaune. Tsaba guda tana iya ɗaukar daraja iri uku. Akwai wadda hukuma ta buga a fuskarta, wadda ke gushewa idan hukumar ta janye hannu, kamar yadda taro da sisi da sule suka fita daga ciniki bayan Nijeriya ta koma naira da kobo a 1973. Akwai darajar ƙarfen da aka ƙera ta da shi. Akwai kuma wadda masu tarawa ke ɗora mata saboda ƙarancinta da lafiyar jikinta, har suna auna wannan lafiya da ma'aunin da William Sheldon ya ƙirƙiro a 1949, mai hawa daga 1 zuwa 70.

Mai farawa yakan ɗauka tsufa ne ke kawo tsada, alhali shekarar da ke jikin tsaba ba koyaushe take faɗin ranar buga ta ba. Dalar azurfa ta Mariya Tareza, wadda fatake suka yi ciniki da ita a Barno da ƙasar Hausa, an ci gaba da buga ta fiye da ƙarni biyu ana maimaita 1780 a jikinta, saboda haka mafi yawan waɗanda ke hannun mutane farashinsu bai wuce na azurfarsu da yawa ba. Haka anini mai huji na 1936, wanda ke ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas da bai cika shekara a kan gadon sarautar Ingila ba, an buga shi da yawan da ya hana shi tsada.

Damuwar farko da ke zo wa Musulmi ita ce ko wannan tarawa ta shiga kanzu, wato taskace zinariya da azurfa da Suratut Tauba ta yi wa alkawarin azaba a aya ta 34 da 35. Abu Zarrin Gifari ya tsananta a fahimtar ayar har ya yi saɓani da Mu'awiya a Sham, amma jamhurin malamai sun bi fahimtar Abdullahi ɗan Umar, cewa dukiyar da aka fitar wa zakka ta fita daga wannan suna. Tsabar tagulla ko ta sanholo da aka daina karɓa a kasuwa ba ta ma shiga zancen ba, domin ajiye ta bai hana kowa ciniki ba.

Inda maganar ta yi nauyi shi ne babin riba, kuma nan ne masu tarawa suka fi gafala. Dinarin da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga a shekara ta 77 bayan hijira, mai nauyin kusan giram 4.25, wanda aka cire wa hoto aka bar rubutu zalla, farashinsa a wurin masu tarawa ya ninka na zinariyarsa ninkin ba ninki, amma shari'a ba ta ganin wannan fifiko muddin zinariya za a musanya da zinariya. Hadisin Ubada ɗan Samit da ke cikin Sahihu Muslim ya sharɗanta daidaiton nauyi da karɓa hannu da hannu, kuma Falalata ɗan Ubaidu, da ya sayi sarƙa mai zinariya da duwatsu a kan dinari 12 a lokacin Haibara, an sanar da shi cewa ba a sayar da irinta sai an rarrabe zinariyar. Saboda haka wanda ya ba da tsabar zinariya biyu na yau da kullum don ya karɓi ɗaya mai wuyar samu ya faɗa cikin ribar fifiko, ko da kasuwa ta shaida cewa shi ne ya ci moriya. Ibnu Taimiyya da ɗalibinsa Ibnul Ƙayyim sun yarda da ƙari saboda aikin maƙeri a kayan ado, sai dai jamhur ba su bi su ba, kuma da wuya a shigar da tsabar da aka buga don ta zama kuɗi cikin wannan rangwame. Mafita mai sauƙi ita ce a saya da naira ko wani kuɗin dabam, inda sharaɗin daidaito ya faɗi, ko da yake sharaɗin karɓa nan take yana nan a wurin mafi yawan malaman zamani, abin da ke sa sayayya ta intanet, inda ake biya yau a karɓa bayan makonni, ta zama abin dubawa. Hikimar a bayyane take: shari'a ta ƙi yarda ma'aunin da ake auna dukiyar jama'a da shi ya zama abin da ra'ayi da sha'awa ke miƙarwa.

Zakka ma nauyi take bi. Idan zinariyar da ke cikin tarin ta kai miskali 20, kusan giram 85, ko azurfar ta kai dirhami 200, kusan giram 595, kuma shekara ta zagayo, ana fitar da kashi ɗaya cikin 40. Sauran tsabar da aka ajiye don sha'awa babu zakka a kanta, sai idan an saye ta da niyyar kasuwanci, inda Malikiyya suka bambanta mudiri, mai juya haja koyaushe, wanda ke ƙiyasta kayansa kowace shekara, da muhtakiri, mai jiran farashi ya tashi, wanda ke fitar da zakkar shekara guda ranar da ya sayar.

Adanawa kuwa tana da alaƙa da amana, domin tsaba shaida ce ta zamanin da ya buga ta, kuma mai ita zai miƙa ta ga wani bayansa. Babbar ɓarna ita ce gogewa da toka da lemon tsami don ta yi ƙyalli, wadda ke kankare dattin launin da shekaru suka shafa mata, ta bar ƙananan karce da ba sa gyaruwa. Wanda ya goge sannan ya sayar bai bayyana ba ya yi algus, hukuncinsa ɗaya da mai ɓoye jiƙaƙƙen hatsi a ƙasan mudu. Ana riƙe tsaba ta gefenta saboda gumin yatsa yana cin ƙarfe, ana ba kowace guda mazauninta don kada su gogi juna, ana kuma nisantar da su daga laimar damina. Ledar PVC mai laushi, da mutane da yawa ke zuba su ciki, tana fitar da sinadarin da ke barin koren danƙo a kan ƙarfe, don haka ambulan ɗin takarda marar asid ya fi ta, a rubuta a bayansa inda aka samo tsabar da nauyinta, wanda shi ne adadin da za a nema ranar lissafin zakka ko rabon gado.