Tsohon Gini, Sabon Aiki

Karatu: Filimon 8-16



Idan ka taɓa sauka a Paraku, a arewacin Jamhuriyar Benin, wataƙila ka ga tsohuwar tashar jirgin ƙasa da ɗakunanta na ajiye kaya. Layin dogo daga Kwatano, mai tsawon kilomita 438, ya iso garin a shekara ta 1936, a nan kuma ya tsaya. Saboda haka a da, kayan da jirgin ya ɗauko za su wuce Nijar, a nan akan sauke su a ɗora wa manyan motoci. Gyaɗar Nijar ma a lokacin takan bi ta nan zuwa bakin teku. Amma da motoci suka ƙwace hanya, jirgin fasinja ya daina zuwa a shekarun 2000, hayaniyar tashar ta ragu.

Tun kafin zuwan jirgi, garin Jugu da ke yamma da Paraku babban zango ne. Fatake daga Kano da Katsina sukan yada zango a can da jakunansu, ɗauke da kanwa da tufafi, a kan hanyarsu ta zuwa Gwanja sayen goro. Yau babu ayarin, amma garin yana nan, ana ciniki iri dabam.

Ka duba tsohon kantin da ke garinku. Jiya rumbun gyaɗa ne, daga baya tela ya kafa kekensa a ciki, yau ana cajin waya. Bangon bai canza ba. Mai riƙe da mabuɗi ne ya canza, shi ne kuma yake ba ginin aiki.

Haka labarin Onisimus yake. Bawa ne da ya rabu da maigidansa Filimon, ana ganinsa marar amfani. Ya sadu da manzo Bulus sa'ad da Bulus yake kurkuku, ya ba da gaskiya ga Almasihu. Bulus ya mayar da shi gida, yana roƙo a karɓe shi a matsayin ɗan'uwa ƙaunatacce. Ma'anar sunansa ma ita ce mai amfani.

Wataƙila kasuwancinka ya karye, ko aikinka ya ƙare, ko ƙarfinka ya ragu, kana ji kamar kango ne kai. Kada ka fid da zuciya. Amma kada ka bar ƙofa a sake, gama ginin da ba kowa a ciki, jemagu da macizai ne suke gadonsa. Ɗacin rai da hassada sukan shiga zuciya haka nan. Ka miƙa wa Yesu mabuɗin yau. Ka nemi fastonka, ka tambaye shi inda ikkilisiya take bukatar hannu, ko ziyarar marasa lafiya, ko koya wa matasa sana'arka.

Addu'a: Ya Ubangiji, ga mabuɗin zuciyata. Ka share ta, ka zauna a ciki, ka ba ni aikin da zai ɗaukaka sunanka. A cikin sunan Yesu, Amin.