Rabon Wanda Bai Zo Taro Ba

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Hukuncin ya faɗi hannun da zai riƙe kuɗin, amma yadda za a raba su bisa adalci, wannan ya rage ga lamirin masu rabon.

Abin da aka saba shi ne raba daidai: kowace mazaɓa da kasonta, kowane kansila ya koma gida da rijiyar burtsatse ko aji biyu. Wannan yakan kashe gunaguni. To, amma daidai ɗin nan adalci ne? Mutumin Kumagannam, a ƙaramar hukumar Yusufari, rairayi ne ke cin gonarsa. Ɗan'uwansa na fadamar Nguru kuwa ruwa ne da ciyawar kachala. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin Haɗeja ta sauya. Kachala ta samu wurin zama, ta toshe magudanai, ruwa ya kwanta a gonakin wasu, na ƙasa wajen Gashuwa kuma suka ga ragi. Yashe magudana ba aikin mazaɓa ɗaya ba ne, ba a kuma kafa masa allo mai sunan kowa. Shi ya sa yakan zo ƙarshe a lissafi, in ma ya shiga.

Haka dashen itatuwa. Ranar dashe akan yi biki. Mai ban ruwa da shingen da zai kare shukar daga awaki har ta kafu, su ne ba a ware wa ko kwabo. Waɗanda za su sha inuwar yara ne, wasu ma ba a haife su ba, ba su da kansila, ba su zuwa taro. Lokacin da Yusufu ya ba Fir'auna shawarar tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin Masar, babu wanda yunwar ta taɓa tukuna.

Kada dai mu yi saurin hukunci. Iyalin da ke jinyar mai ciwon ƙoda, cutar da ta daɗe tana addabar yankin Gashuwa, ba za a ce musu su jira itace ya girma ba. Bukatar yau tana da haƙƙinta.

A ganina, kafin a taɓa rabo, a fara cire kason gyaran abin da aka riga aka gina, da na ruwa da ƙasa da kowa ke ci a kai. Sauran a raba gwargwadon bukata, ko da wata mazaɓa za ta samu ƙasa da maƙwabciyarta bana. A kuma karanta lissafin a fili ranar kasuwa, da Hausa da Kanuri da Badanci, domin mai gonar da ruwa ya ci ya ji nawa aka ware wa magudana.