Idon da ke sallama

A teburin mai shayi a Sabon Gari gardamar ta tashi, tsakanina da wani abokina mai ɗaukar hoton biki da suna. Shi dogon ido ya fi so a kamara, mai milimita 200. Ni na ce 35. Ya yi dariya, wai ai zancen gilashi ne, kowa da abin da hannunsa ya saba. Ban yarda ba, har yau kuwa.

Wannan lambar ita ke nuna maka inda za ka tsaya. Da 200 kana tsallaken titi, taku talatin, za ka cika hoto da mutum bai san kana duniya ba. Da 35 tilas ka matso, taku biyu ko uku, har ya ɗago kai ya dube ka. To daga nan fa sai sallama, don ba a tsayawa kan mutum a yi shiru.

Na taɓa aron kamarar tasa. Na hango wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli ta kwance bakin zane tana ƙirga ƴan kuɗinta, ta ƙirga ta sake ƙirgawa. Na latsa. Wallahi hoton ya yi kyau, bayanta duk ya dushe, ita kaɗai ta fito. Abokai suka yaba. Amma da na tambayi kaina ko zan iya kai mata shi in ce "Inna, ga ki", sai na ji ba zan iya ba. Abin da take ɓoye wa maƙwabciyarta shi na ɗauko daga nesa.

Abokina yana da hujja, ba ƙarama ba. Ya ce mutum in ya ga kamara sai ya gyara hula ya haɗe fuska, gaskiyar ta gudu. Haka ne. Ya ƙara da cewa kusanci ba tsarki ba ne: Henri Cartier-Bresson na Faransa da 50 ya yi yawancin aikinsa, kuma bai cika neman izini ba. Nan Maraɗi ma, a yunwar 2005, masu ɗaukar hoto daga ƙasashen waje sun durƙusa dab da ƴaƴanmu a wuraren jinya. Uwar da ke jiran magani, ina ta ga bakin cewa a'a?

Wannan ta ƙarshen ta tsaya mini a rai. Ashe ba nisan ne kaɗai ba, sai in wanda ke gabanka yana da ikon korarka. Duk da haka gajeren ido yana ba shi wannan damar, dogo kuwa tun farko ya ƙwace ta. Malick Sidibé na Bamako cikin samari yake shiga wurin rawa, suna ganinsa, washegari su zo shagonsa su zaɓi hotunansu. Ban ga gaskiyar da ta gudu daga hotunansa ba.

Satin da ya wuce na je Jiratawa da 35. Na iske wani dattijo yana ban ruwa a lambu, na yi sallama, muka gaisa, na roƙi hoto. Ya dube ni, ya dubi rigarsa duk taɓo, ya ce, "Yaro, ba yau ba. Ka dawo ran Juma'a." Hasken yammacin nan kam ba zan sake samun irinsa ba. Na maida kamara jaka, na tare kabu-kabu.