Mai Ƙidaya da Waɗanda Yake Ƙidayawa

A cikin ilmomin da yaranmu ke nema a yau akwai wanda iyayenmu ba su san sunansa ba, ko da yake sun daɗe da sanin zafinsa. Shi ne ilimin tattara bayanai a kwamfuta, da tsara su, da tace su, domin tafiyar da kasuwanci da ma'aikatu. A Jami'ar Tawa, wadda aka kafa a 2010, take kuma ɗauke da sunan masanin tarihi Djibo Hamani, akwai cibiyar fasaha inda ake koyar da shi tare da ilimin gudanarwa da na ciniki. Yaro zai taso daga Bambeye ko Tebaram ko Afala, ya yi shekara biyu ko uku, ya fito ya iya mayar da gari guda ya koma layuka da lambobi. Tambayar da nake so mu yi nazari a kanta, mu malamai da ƴan ƙungiyoyin raya al'adu, ita ce: ranar da aka ba wannan yaro aikin ƙidayar mutanen garinsu, haƙƙin wa ke wuyansa? Na wanda ya ɗauke shi aiki, ko na waɗanda ya ƙidaya?

Da farko dai kada mu yi wa ilimin butulci, domin mun ga amfaninsa. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa shigowar wayar salula ta rage tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Bayan fari, a 2010, ƙungiyar Concern ta raba wa mata a ƙauyukan jihar Tawa kimanin jika 22 a kowane wata har wata biyar, waɗansu a hannu, waɗansu ta waya. Da aka auna a ƙauyuka 96, sai aka tarar gidajen da suka karɓa ta waya sun fi cin abinci iri-iri. Ba domin an rubuta an kwatanta ba, da babu wanda zai san haka sai dai shaci-faɗi.

To amma ƙidaya tana da tarihi a ƙasar Adar, kuma jama'a ba su manta ba. A zamanin Nasara, idan an zo ƙidaya, to lanho ke tafe, watau harajin kai, ko kuwa aikin tilas. Saboda haka mai gida ya koyi ɓoye ƴaƴansa da dabbobinsa. Yau al'amarin ya juya: ƙidaya ta kan zo da taimako a bayanta, sai mai gida ya koyi ƙara yawan bakuna da rage yawan awaki. A duka zamanin biyu, talaka ya gane cewa takardar ta wani ce, wani kuma zai yanke hukunci da ita a inda shi ba ya nan. Kada mu yi gaggawar kiransa maƙaryaci. Wanda ba a taɓa tambayarsa yadda za a tsara tambaya ba, amsa kaɗai ta rage masa ya kare kansa da ita.

Mu duba takardar kanta. Tana neman sunan mai gida ɗaya da tukunya ɗaya. A karkarar Bambeye, kudu maso yammacin Tawa, inda ƙidayar 2012 ta sami mutane fiye da 100,000, gida yakan haɗa uba da ƴaƴansa masu aure da matansu, ana noman gandu tare, kowa kuma da ɗan abin hannunsa. Da an gama girbi maza su tafi biɗa, wani Abijan, wani Libiya, wani Nijeriya. Wani yana aike duk wata, wani shekara uku babu labarinsa, amma a kwamfuta su biyun suna cikin layi ɗaya: mai gida yana waje. Sannan ga babbar matsala, wato rufin asiri. An saba kasa mutane kashi huɗu: matalauta tilis, matalauta, masu dama-dama da masu hali. Dattijon da ya kwana biyu ba a ɗora tukunya a gidansa ba zai sa wankakkiyar rigarsa ya fito, ya ce lafiya lau, domin a wurinsa mutunci ya fi tiyar hatsi. Binciken cibiyar LASDEL ta Yamai, wanda Jean-Pierre Olivier de Sardan ya jagoranta aka wallafa a 2014, ya nuna cewa a ƙauyuka da dama jama'a na ɗaukar zaɓen masu karɓar taimako a matsayin sa'a ko son kai, har a waɗansu wurare sukan tara kuɗin su sake rabawa bisa nasu ma'auni.

Wani tsohon ɗalibina ya taɓa yin irin wannan aiki ga wata ƙungiya. Ya zo mini da dare ya ce: "Malam, na shigar da amsoshi kamar yadda aka ba ni, kwamfuta ta fitar da sunaye, babu sunan wata gwauruwa da na san jikokinta na kwana da yunwa. An ga ɗakinta na kwano, wanda ɗanta ya gina kafin ya rasu, aka lissafa ta cikin masu dama-dama." Na ce: "To ɗana, me ka yi?" Ya ce: "Babu komai, Malam. Ba ni na cire ta ba, lissafi ne."

Wannan magana tasa ita ce asalin wannan rubutu, kuma tana da gaskiyarta. Da a ce kowane mai ƙidaya zai riƙa gyara lambobi saboda tausayi, da gobe ya gyara saboda zumunta, jibi saboda na goro, mu koma gidan jiya. An kawo lissafi ne domin ya raba mu da son kai, kuma wanda ya taɓa lamba ya ci amana ko da niyyarsa fara ce. Sai dai lissafi ba daga sama ya faɗo ba. Mutum ne ya zauna ya yanke cewa rufin kwano alamar wadata ce. Wanda ya koyi yadda ake gina ma'auni ya san inda yake karkata, kuma sanin nan ya hana shi fakewa a bayan na'ura. Jahili na iya cewa kwamfuta ce ta yi. Mai takardar jami'a ba shi da wannan uzuri.

A ganina, abu uku ke wuyansa. Na ɗaya, kada ya sauya lamba, amma ya rubuta a fili abin da lambar ta kasa gani, ya kai wa na gaba da shi, ko da ba a tambaye shi ba. Na biyu, ya nemi a koma wurin jama'a da sakamakon, a bayyana musu da harshensu yadda aka yi zaɓen, a buɗe ƙofar ƙorafi ga wanda aka tsallake. Na uku, ya tsare asiri. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutum a 2017, ta sabunta ta a 2022, amma tun kafin doka Bahaushe ya san wanda ya leƙa rumbunka ba ya kai labari kasuwa.

Mu malamai, namu aikin yana farawa tun kafin jami'a. Yaron da ya saba ganin garinsu a matsayin wurin da ake gudu, in ya dawo da kwamfuta zai ƙidaya mutanensa kamar baƙo. Djibo Hamani, kafin ya fitar da tarihin Adar a 1975, sai da ya zauna gaban dattawa ya saurara. Mu koya wa masu ɗauke da sunansa a takardunsu irin wannan zama. Ɗalibin nan nawa ya koma ya rubuta ƙorafi a kan gwauruwar, amma a lokacin an riga an rufe jerin sunaye na shekarar. Allah ya sa na bayansa su yi magana tun da sauran lokaci.